Saboda Maɓallin Tab Aka Dakatar da Sa'adiyya

Assalamu alaikum Gwaggo Tani,

Don girman Allah ki taimaka mani da shawara. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan abinci ba ya yi mani daɗi, kuma babu wanda zan iya faɗa wa maganar nan, a ofis ko a gida. Ban taɓa zaton zan rubuto wa filinki ba, don na ɗauka masu rigimar aure da ta surukai ne kawai ke rubuto maki. Ni tawa rigimar ta maɓallin kwamfuta ce. Na san za ki yi dariya. Ki yi, amma ki karanta har ƙarshe.

Ni mai rubuta manhajar kwamfuta ne. Shekara goma sha huɗu ina wannan sana'a, tara daga ciki a wani ƙaramin kamfani da ke GRA, wanda abokina Yari ya kafa. Ni ne ma'aikacinshi na farko. Babban abin da muke tinƙaho da shi wata manhaja ce ta makarantu: malami ya shigar da makin ɗalibai, ita kuma ta tara, ta fitar da na ɗaya da na biyu har na ƙarshe, ta buga katin sakamako. Makarantu ashirin da uku ke amfani da ita a garin nan. Ni na rubuta ta tun daga layin farko, lokacin da ofishin namu ɗaki ɗaya ne da fanka mai ƙara.

Bari in yi maki bayani kaɗan don ki gane. Umarnin da muke rubuta wa kwamfuta, wanda muke kira kod, layi-layi ne, kuma ba dukkan layukan ke farawa daga bakin shafi ba. In umarni yana ƙarƙashin wani umarnin, sai a tura shi ciki kaɗan, a bar tazara a gabanshi. Hanya biyu ake barin tazarar. Ko dai ka danna dogon maɓallin nan na ƙasa, sifes, sau huɗu, ko ka danna tab sau ɗaya. Ni mutumin sifes ne. Huɗu cif, ba uku ba, ba biyar ba. Da hannuna nake jera kowane layi, duk wanda ya buɗe aikina ya san ya shigo wurin mai tsabta. Tab kuwa, Gwaggo, aikin malalata ne. A wannan kwamfuta ya yi faɗi, a waccan ya tsuke, ba shi da tsayayyar magana. Duk wanda na gani yana aiki da tab, tun daga nan na gama sanin irin tarbiyyar da ya samu a sana'a.

Wata bakwai da suka wuce Yari ya ɗauko mana wata yarinya 'yar unguwar Kambarawa, Halimatus Sa'adiyya, da ba ta daɗe da gama hidimar ƙasa ba. Ba zan yi ƙarya ba, tana da kai. Amma irin 'yan yanzu ce, komai sai an samo mashi inji. Da za a sami injin da zai tauna masu tuwo da sun sa shi. A wani taronmu na ranar Litinin ta kawo shawarar a ɗora wata manhaja mai daidaita kod da kanta. Wato da ka ajiye aikinka, sai ta bi shi layi-layi ta miƙar da shi, ta gyara tazara, rubutun kowa ya koma iri ɗaya kamar yunifom ɗin 'yan firamare. Kafin a tashi taron har an raɗa wa abin suna, wai mai guga. Kuma wai da tab za ta riƙa gugar.

Na tambaye ta dalili, ina dariya. Sai ta ce saboda Sammani. Sammani abokin aikinmu ne, shekara shida teburinshi na kusa da nawa. Yana fama da hawan jinin ido, shi ya sa yake ƙara girman haruffa a allon kwamfutarshi har layi ɗaya ba ya ɗaukar fiye da harafi arba'in. Wai in layi ya shiga ciki hawa biyar, sifes ɗina sun cinye rabin allon kafin rubutu ya fara, amma da tab ne zai iya tsuke tazarar a tashi kwamfutar yadda ya ga dama, ni ma in buɗe tawa yadda na ga dama. Na ce ai Sammani yana da baki, shekara shida bai taɓa yi mani ƙorafi ba, sai yau da ya sami lauya. Sammani ya sunkuyar da kai ya ce, “Gaskiya, Malam, da tab ɗin zan fi samun sauƙi.” Yari ya ce a ɗaga hannu. Mutum huɗu suka ɗaga, ni kaɗai na rage. Ki ji fa, Gwaggo, ana ƙuri'a a kan sana'a kamar zaɓen kansila.

To ga abin da ya fi ci mani rai. Muna da rajista a kwamfuta da ke nuna sunan wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe. Da Sa'adiyya ta saki mai guga a kan manhajar gaba ɗaya, sai kowane layi ya canza, tunda tazararshi ta canza. Washegari na buɗe rajista. Layi dubu arba'in da ɗaya, aikin shekara tara, ko'ina Halimatus Sa'adiyya, Halimatus Sa'adiyya, Halimatus Sa'adiyya. Sunana ya ɓace kamar ban taɓa zama a ofishin ba. Na kai ƙara wurin Yari, ya bushe da dariya ya ce, “Haba, mutumina, wa bai san kai ka rubuta ba?” Ita kuma ta biyo ni tebur wai akwai yadda ake sa rajista ta tsallake wannan canjin, sunana ya dawo, in na ba ta minti biyar za ta nuna mani. Na ce mata lokacin da na fara sana'ar nan ba ta gama firamare ba, ta riƙe minti biyar ɗinta.

Sati uku ina haɗiye abin. Ran wata Laraba, bayan an tashi aiki ƙarfe huɗu kowa ya watse, na zauna ni kaɗai. Na shiga babbar kwamfutar da makarantu ke aiki a kanta kai tsaye, da kalmar sirri ta ofis wadda dukkanmu muka sani, don in na bi ta nan rajista ba ta gani, mai guga ma ba ta gani. Na buɗe fayil ɗin da ke tara maki, wanda shi ne zuciyar manhajar, shi na fara rubutawa a duniya. Layi ɗari uku ne. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na cire tab na mayar da sifes ɗina. Ban yi niyyar cutar da kowa ba, wallahi. So nake a ce ko fayil ɗaya ya zauna yadda na gina shi. Ana kiran magariba na gama, na rufe, na fita. Ban gwada ba. Na ce a raina shekara goma sha huɗu, me zan gwada?

Ashe layi ɗaya ya zame hagu. A yaren da muke rubutu da shi tazara tana da ma'ana, in layi ya fita daga ƙarƙashin umarninshi to aikinshi ya canza. Layin da ke tara makin kowane darasi ne ya fita, sai manhajar ta koma ɗaukar makin darasin ƙarshe kawai wajen jera na ɗaya da na biyu. Darasin ƙarshe a jerin kuwa motsa jiki ne.

Wata makaranta da ta riga sauran yin hutu ta buga katinta ran Alhamis, ta yi bikin ba da kyaututtuka ran Asabar. An ce wata malamar aji ta yi magana, hedimasta ya ce mata kwamfuta ba ta ƙarya. A gaban iyaye aka riƙa kiran gwanayen gudu da tsalle ana miƙa masu kyautar na ɗaya. Ɗiyar wani Alhaji Zakari, wadda tun shigarta makarantar ba a taɓa kayar da ita ba, tana da asma, ba ta iya gudu. Ta zo ta talatin da ɗaya a cikin talatin da huɗu. An ce a wurin ta fashe da kuka har sai da aka fitar da ita. Uban ya karɓi katin, ya ciro biro, ya tara makin da kanshi a bayan takardar gayyata.

Ran Litinin da safe hedimasta ya iso ofishinmu yana kumfar baki. Yari ya ce in duba, tunda ni ne babba. Ina buɗewa na ga layin. Cikin minti biyu na goge nawa fayil ɗin, na mayar da wanda ke cikin rajista, komai ya dawo daidai. Yari ya tambaye ni mene ne. Na ce layi ne ya zame daga wurinshi. Ki lura, Gwaggo, ban yi ƙarya ba. Shi ya buɗe rajista da hannunshi, ya ga canjin ƙarshe na mai guga ne da sunan Sa'adiyya, ya yanke hukunci. Ta rantse ta ce mai guga ba ta canza ma'anar kod, kuma sau uku ta gwada kafin ta saka. Sai ta juyo ta dube ni ta ce, “Malam, kai ka ga fayil ɗin. Don Allah haka ne?” Na ce ni dai na ga layi ya zame. Nan take Yari ya dakatar da ita, ya ce ƙarshen wata zai yanke ko ta dawo ko ta tafi gaba ɗaya. Ya cire mai guga, ya ce a koma sifes, ya ce tun farko da an ji maganata.

To na yi nasara ke nan. Sunana ya dawo a rajista. Sammani ya koma kafa hancinshi a jikin allo yana jan layi hagu da dama kamar kullum. Amma shekaranjiya mahaifin Sa'adiyya ya zo ofis. Dattijo ne, tsohon malamin makaranta, da hularshi a goge. Bai nemi Yari ba, ni ya nema. Ya gaishe ni kamar ni ne babba, ya ce kullum a gida maganata take yi, wai saboda manhajata ta nemi aiki a kamfanin, don ta yi amfani da ita lokacin da take koyarwa a hidimar ƙasa ta ga ba ta taɓa ganin aiki mai tsabta irinta ba. Ya roƙe ni in sa baki, ya ce yarinya ce, kuskure ne. Na ce in sha Allahu.

Gwaggo, ki faɗa mani gaskiya. Ba ita ta fara ba? Da ba ta kawo mai gugarta ba, me zai kai ni taɓa fayil ɗin? Tunanina shi ne in je in roƙi Yari ya mayar da ita, ba tare da na tona komai ba. Ita ta sami aikinta, ni in tsira da mutuncina, tab ya tafi inda ya fito. In na faɗi gaskiya, amanar shekara tara tsakanina da Yari ta rushe, kuma ina da iyali. Shin wannan bai wadatar ba?

Naki,
Mai Sifes Huɗu, Ƙofar Marusa

Wa alaikumus salam Mai Sifes Huɗu,

Na karanta har ƙarshe kamar yadda ka nema. Na yi dariya a farko, da na zo wurin yarinya mai asma na daina.

Tab ɗin da kake yi wa kallon baƙon banza ya girme ka a aikin ofis. Shekara ashirin da shida na yi ina buga tafireta a sakatariya, da shi muke jera sakin layi da jadawali, kuma babu malalaciya a cikinmu. Duk da haka na kira wata mai irin sana'arku na karanta mata bayaninka. Ta ce sifes na aiki, tab na aiki, manyan masana na nan a kowane ɓangare, abin da ake so kawai ofis ya tsaya a kan guda. Ta ce wurare da yawa yanzu inji ke daidaita masu kod, don kada ƙwararru su ɓata yini suna ƙirga tazara. Ka ji matsayin abin da ka mayar kamar aƙida.

Ba zan ce ba ka da abin jin haushi ba. Mutum ya buɗe aikin shekara tara ya tarar da sunan wani a kai, dole ranshi ya sosu, ni ma da zai sosa mani. Ya kamata Sa'adiyya ta gyara maganar rajista kafin ta saki injin, ba bayan ta saki ba. Yari ya yi wauta da ya mayar da kukanka abin dariya, ya ƙara wauta da ya bar kalmar sirri ɗaya a hannun kowa, ya kuma yanke wa ma'aikaciya hukunci a tsaye, gaban baƙo, ba bincike. Hedimastan da ya fi yarda da inji a kan malamar da ta san ɗalibanta shi ma yana da nashi kason. Iyakar abin da zan iya ba ka ke nan.

Sauran duk naka ne. An ba ka dalili, idon mutumin da kuka yi shekara shida kafaɗa da kafaɗa, ka mayar da shi abin ba'a. Ka ce bai taɓa ƙorafi ba. Wa zai kawo ƙorafi wurin mutumin da ke auna tarbiyyar jama'a da maɓalli? An ba ka maganin ciwonka a minti biyar, ka ƙi, don mai maganin ta yi maka ƙanƙanta. Sannan ka lallaɓa bayan kowa ya tafi, ka bi ta ƙofar da ba a gani, ka taɓa abin da makarantu ashirin da uku suka dogara da shi, ka tashi ba gwaji. Yarinyar da ka raina sau uku ta gwada nata. Kai mai shekara goma sha huɗu ko sau ɗaya ba ka yi ba. In ana neman malalaci a labarin nan, ba sai an je Kambarawa ba.

Kuma ka daina cewa ba ka yi ƙarya ba. Ka goge shaida, ka zaɓi kalmomin da ka san inda za su kai Yari, ka tsaya kana kallo suka kai shi. Ta tambaye ka ido da ido, ta haɗa ka da Allah. Wannan ƙarya ce cikakkiya, ka dai yi mata tsabta irin ta aikinka.

Dabarar da ka kawo ta roƙa mata afuwa ita ta fi komai muni a wasiƙarka. Kana so ta dawo da tabon laifin da ba ta yi ba, kowa a ofis yana ganin ta kusa kashe kamfani, ita kanta ta daina yarda da hannunta, sannan ta zo ta durƙusa ta gode maka. Kana so dattijon nan ya riƙa sa maka albarka a kan abin da ka yi wa ɗiyarshi. Kai da kanka ka san ba za ka iya cin abinci a kan wannan ba, shi ya sa ka rubuto.

Ka sami Yari shi kaɗai, ka faɗa mashi komai yadda ka faɗa mani, amma ka cire “ita ta fara”. Ka nemi ya tara mutanen da aka dakatar da ita a gabansu, ka maimaita a gabansu, don inda aka ɓata suna nan ake wanke shi. Daga nan ka tafi Kambarawa da ƙafarka, ka nemi gafararta a gaban mahaifinta. In ta ƙi dawowa aiki da kai, haƙƙinta ne, sai ka tabbata ta fita da takardar shaida mai kyau. Makarantar ma a rubuta mata cewa kuskuren na mutum ne, kuma a roƙi hedimasta ya kira ɗiyar Alhaji Zakari a taron farko bayan hutu ya ba ta kyautarta a gaban 'yan'uwanta ɗalibai. Maganar tab kuwa an riga an yi ƙuri'a, ka sha kaye, a mayar da shi. Ka buɗe tazararka huɗu a taka kwamfutar, babu mai hana ka. Ka kuma ja kujera kusa da Sammani ka tambaye shi me kuma ke wahalar da shi wanda bai taɓa faɗa ba.

Ba zan yi maka alkawarin za ka tsira da kujerarka ba. Yari na iya rage maka matsayi, yana iya sallamarka, kuma in ya yi bai zalunce ka ba. Amma mai irin hannunka ba ya rasa aiki a garin nan, kuma abota ta fi jure laifin da mai shi ya kawo da bakinshi a kan wanda aka tono. Tonowar kuwa tana tafe. Kamfani nawa ne a GRA ke da Yari da Sammani da Sa'adiyya? Na aika maka wannan amsa kwana uku kafin a buga ta, don ka riga jarida isa ofis. Gobe da safe ka tafi, kafin ka kunna kwamfuta.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciyar faɗa, ya sanyaya zuciyar waɗanda za su ji, ya ba Sammani lafiyar ido, ya kuma tsare maka abincin iyalinka.

Gwaggo Tani